Tayar da ta dace da Hilux mai zirga-zirga tsakanin Marwa, Mokolo da Kuseri

Tambaya: Salamu alaikum. Ina da Hilux mai ƙofa huɗu da nake fatauci da ita daga Marwa a arewacin Kamaru, albasa da masakwa da shinkafar Maga. Wani mako ina Mokolo, wani ina Pus, wani lokaci har Kuseri. Tayoyin da na saye ta da su sun suɗe. Wasu sun ce in sa A/T, wato tayar kowace irin hanya, wasu sun ce M/T, wato tayar laka mai manyan haƙora, wasu kuma sun ce in ƙara girman tayar gaba ɗaya. Ga kuma na okaziyon, wato na hannu, da rahusa. Wacce zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya yi wa nema albarka, ya kiyaye hanya.

Ka sayi A/T, kuma sabuwa. Girmanta ya zama wanda kamfani ya rubuta a 'yar takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, sannan ka nace sai an ba ka irin wadda aka gina don ɗaukar kaya, mai alamar LT ko C a gefenta. In aljihu zai iya, ka ɗauki biyar har da safaya. Shawarata ke nan, amma bari in warware maka dalilai, don ranar da ka tsaya gaban mai shago ka san abin da za ka duba da idonka.

Kusan duk wanda ya zo sayen taya, haƙoranta yake fara shafawa. Ya ga manya, ya ce wannan ita ce mai ƙarfi. Ni kuwa da na daɗe ina cire tayoyi daga motocin da ke bin hanyoyin nan namu, abin da nake gani daban ne. Mafi yawan tayoyin a-kori-kura da ake kawo mana sun mutu, da sauran zanensu suke zuwa. Wata gefenta ne ya tsage, wata ta yi ƙullutu, wata kuma samanta ya ɓare daga jiki ya bar waya a fili. Kaya ne ya fi ƙarfinsu, ko iska ta yi musu kaɗan, ko dutse ya yanke su ta gefe, ga zafin rana a kai. Don haka da maganar nauyi zan fara.

Ka duba gefen tayar da ke motarka yanzu. Za ka ga rubutu kamar 265/65R17 112S. 265 faɗin tayar ne a milimita. 65 na nufin tsayin gefenta kashi 65 ne cikin 100 na wannan faɗin. R ginin radiyal ne, 17 kuma girman wili a inci. Waɗannan kowane yaron shago ya haddace su. Wadda ake tsallakewa ita ce 112 ɗin, alhali ita ce ta fi shafar mai fatauci. Lambar nauyi ce: 112 na nufin taya ɗaya za ta ɗauki kilo 1,120 in an cika ta da iskar da ta dace. 110 kilo 1,060 ne, 115 kilo 1,215, 120 kilo 1,400, 121 kuma kilo 1,450. Harafin ƙarshe na gudu ne, Q kilomita 160 a awa, R 170, S 180, T 190. Duk sun wuce abin da za ka taka da lodi a baya, kada wannan ya dame ka.

Yanzu mu yi lissafi tare. Tayoyin baya guda biyu masu 112, jimlarsu kilo 2,240. Hilux mai ƙofa huɗu, ba komai a cikinta, ta riga ta ɗora musu wajen kilo 900. Bodin kayanta gajere ne, a kan ƙafar baya yake zaune, wani sashensa ma ya zarce ta, saboda haka duk buhun da aka jefa, a kan waɗannan biyun nauyinsa yake sauka. Buhu 10 na masakwa masu kilo ɗari-ɗari, ka kai 1,900, da sauran sarari. Buhu 15, ka kai 2,400, ka wuce abin da tayoyin za su iya tun motar tana tsaye a bakin kasuwa. Ban ƙirga yaran da ke zaune a saman lodi ba, ban ƙirga jarkokin mai ba. Kuma wannan lissafin mota a tsaye ne. Da ta fara tafiya, kowane rami da ƙafa ta faɗa yana ninka nauyin na ɗan lokaci, in kuma hanya ta karkace, taya ɗaya ce ke ɗaukar mafi yawa ta bar 'yar'uwarta.

Tayoyin da ke zuwa da irin waɗannan motoci, musamman masu kwalliya, yawanci ginin motar fasinja ne da su, an yi su don laushin tafiya. A Amurka ma ƙa'ida ce in an sa tayar fasinja a motar kaya, a rage kusan kashi 10 cikin 100 daga nauyin da aka rubuta mata. LT kuwa da C, waɗanda ake rubuta su kamar LT265/65R17 120/117S ko 205R16C 110/108, zarensu ya fi kauri, gefensu ya fi tauri, kuma suna karɓar iska mai yawa. In ka ga lamba biyu haka, ta farko ce taka, ta biyun ta motocin da ake jera wa taya biyu-biyu a baya ce. Za ka kuma ga 6PR, 8PR ko 10PR. Ba ainihin yawan shimfiɗun zare ba ne, ma'aunin ƙarfi ne da aka gada tun zamanin da ake yin taya da zaren auduga. Ainihin adadin yana nan da ƙananan haruffa a gefe, inda aka rubuta SIDEWALL. Yawanci za ka ga 2, wasu 3. Mai 3 ita nake so ga wanda ke hawa Mokolo. Ga aikinka, 8PR ita ce mafi ƙaranci, 10PR ta fi.

Tana da nata farashin, ba zan ɓoye maka ba. Ta fi nauyi, za ta ɗan ƙara shan mai, kuma ranar da ka fito ba kaya za ka ji bayan motar yana tsalle a gargada. Sannan ga gargaɗi, ka riƙe shi da kyau: taya mai ƙarfi ba ta ƙara wa sifirin ƙarfi, ba ta ƙara wa aksul, ba ta ƙara wa birki. Toyota ta gina Hilux don kaya kimanin tan 1, har da mutanen da ke ciki. Na san yadda ake lodi ranar kasuwar Bogo ko ta Maga, kuma na san riba a yawan buhu take. Amma tayar LT rata ce kawai take ba ka don kada ta fashe maka a tsakar daji. Nauyin da ya wuce ƙa'ida yana nan yana cin wani abu a ƙarƙashin motar.

Daga nauyi sai iska, don su biyun ba sa rabuwa. Iskar da ke ciki ce ke ɗaukar kaya, robar jaka ce kawai da ke riƙe ta. In iska ta yi kaɗan, gefen taya yana lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, sau ɗaruruwa a cikin minti ɗaya, wannan lanƙwasar kuma zafi take haifarwa a cikin zaren. A watan Maris da Afrilu, lokacin da Marwa da Kuseri ke haura 40 a ma'aunin zafi, fuskar kwalta da tsakar rana takan wuce 60. Zafin ciki ya haɗu da na waje, abin da ya manne roba da waya ya saki, sai ka ji ta fashe. Direbobi da yawa sun ɗauka yawan iska ne ke fasa taya a bazara, har sukan tsaya a hanya su rage. Wannan ɗabi'ar ta halaka tayoyi da yawa, ta halaka mutane ma. Taya mai zafi dole iskarta ta hau, kusan bar 0.1 ga kowane ƙarin zafi na digiri 10, kuma masu ƙera ta sun san da haka. In ka rage mata tana da zafi, ka ƙara mata lanƙwasa, ka ƙara mata zafin da kake gudu. In ka taɓa ta ka ji hannu ba zai iya zama ba, ka nemi inuwa ka tsaya, ka sha ruwa, ka ba ta lokaci.

Ana auna iska ne da safe kafin mota ta motsa. Takardar nan ta jikin ƙofa tana da lamba biyu, ta mota ba kaya da ta mota da kaya, a bar, wanda masu faci ke ce wa kilo. Wasu gejin da ke shigowa daga Najeriya psi suke nunawa, bar 1 daidai yake da psi 14.5. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne tayar LT tana buƙatar iska fiye da tayar fasinja kafin ta ɗauki nauyi iri ɗaya. In ka sauya zuwa LT ka ci gaba da sa mata iskar da, za ta yi zafi fiye da tsohuwar. Ka karanta iyakar da aka rubuta a gefenta: galibi 6PR tana tsayawa a bar 3.5, 8PR a 4.5, 10PR a 5.5. Wannan iyaka ce, ba a nan ake zama kullum ba, kuma wilin ma yana da tasa iyakar. Da cikakken lodi, bar 3.5 zuwa 4 a baya yakan yi wa 8PR ko 10PR daidai, gaba kuma ƙasa da haka. Ka sauke kaya, ka rage. Ka sayi gejinka na kanka ka ajiye a mota. Masu facin bakin hanya mutanen kirki ne, suna fitar da mu kunya, amma da yawansu gejinsu ya tsufa, wasu ma da ƙarfe suke ƙwanƙwasa taya su saurari ƙararta. Tayar radiyal mai tauri za ta iya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na iskarta ido bai gane ba.

To, sai batun A/T da M/T. Hanyoyinka ba iri ɗaya ba ne, shi ya sa amsar ba ta zo wa abokanka ɗaya ba, kowa hanyar da ya fi bi yake tunawa.

Marwa zuwa Mora kilomita 60 ne, daga Mora ta Waza da Dabanga zuwa Kuseri kuma sama da 200. Hanya ce da aka sha gyarawa ta sha lalacewa, kuma abin da ke kashe taya a irinta shi ne bakin kwalta inda ta karye. Kaifi gare shi. Ƙafa ta faɗa rami da gudu, gefen taya ya matse tsakanin wili da bakin ramin, zaren ciki ya tsinke, bayan kwana biyu ƙullutu ya fito. Tayar da ta yi ƙullutu ta gama aiki, ba faci, ba dabara. Kuma kai ma ka san wannan ba hanya ce da ake son dare ya riski mutum yana kwance ƙarƙashin mota da jak ba. Ta Mokolo da Koza da ƙauyukan duwatsun Mandara kuwa, da ka bar kwalta dutse ne mai yanka da tsakuwa mai cin haƙori. A waɗannan biyun gefe mai kauri kake buƙata, da robar da ba ta ɓantarewa, kuma A/T ta gari tana da su.

Yashi shi ne na uku, a mayo-mayo, wato koramun da suka ƙafe da rani, da hanyoyin ƙauye. Nan manyan haƙora cutarwa suke yi, don tona suke, kafin ka ankara mota ta zauna a kan cikinta. Abin da ke fitar da mota daga yashi shi ne rage iska. In ka sauko da ita wajen bar 1.5, tayar tana baje ƙafa kamar tafin raƙumi, sai ta bi saman yashin. Da lodi mai nauyi kada ka sauko ƙasa da 2, kada ka yi gudu, kada ka murɗa sitiyari da ƙarfi don kada bakin taya ya fita daga wili. Da ka fita yashin ka mayar da iskarka kafin ka hau kwalta. Wannan ne dalilin da nake cewa ƙaramin famfon nan da ake haɗawa da batirin mota ya fi wasu kayan kwalliya da ake sa wa Hilux amfani nesa ba kusa ba.

Inda masu cewa M/T suke da gaskiya shi ne baƙar laka. Ƙasar karal da ake dasa masakwa a cikinta, da fadamun kogin Logon wajen Maga da Pus, daga Yuli zuwa Satumba. Wannan lakar danƙo gare ta. Tana cika tsakanin haƙoran A/T cikin juyi kaɗan, tayar ta koma sumul, ka ga ƙafa huɗu na juyawa mota na zamewa gefe. M/T, saboda ratar da ke tsakanin haƙoranta, tana watsar da lakar in ƙafa ta juya da sauri, tana samun abin kamawa. Wannan gaskiya ne, ba zan musa ba. Amma ka auna. Damina a nan wata uku zuwa huɗu ce, kuma a cikinta ma ranakun da karal ke jiƙe sharkaf, ko M/T ɗin kafewa take yi, mutane jira suke rana ta bugi hanya. Sauran watanni takwas fa? M/T a kan kwalta tana da gunji, tana saurin cinyewa, haƙoranta na cinyewa ba daidai ba, tana ƙara shan mai, kuma a jiƙaƙƙiyar kwalta birki ba ya kama ta da wuri kamar A/T. Da a ce aikinka na cikin gonakin shinkafar kamfanin SEMRY ne ko kai kaya ƙauyukan fadama damina da rani, da na ce M/T. Kai kuwa mafi yawan kilomitocinka kwalta ne da burji da dutse. A cikin A/T ɗin ka zaɓi wadda kafaɗunta a buɗe suke, haƙoran sun ɗan gangaro gefe. Akwai wasu da sunan A/T kawai suke ɗauke da shi, zanensu a matse kamar na motar gari, waɗannan ka bar su.

Masu cewa ka ƙara girma, kwalliya suke kallo. Tayar 265/65R17 tsayinta gaba ɗaya milimita 776 ne. In ka koma 265/70R17 ya zama 803. Abin da ka samu na ɗagawar mota daga ƙasa bai kai santimita ɗaya da rabi ba. Abin da ka rasa kuwa, agogon gudu zai riƙa nuna ƙasa da gaskiya da sama da kashi 3 cikin 100, mota za ta yi nauyin tashi da lodi, kuloci zai wahala a hawan Mokolo, birki zai ƙara aiki. In ka zarce haka, taya ta fara gugar madigadi duk lokacin da lodi ya danne baya ko ka karya sitiyari har ƙarshe. Faɗi ma haka. Dubi Land Cruiser a-kori-kura da ke ratsa Cadi daga Njamena zuwa Abeshe da can arewa: da yawansu siririyar 7.50R16 ce a ƙafarsu, doguwa mai tauri. Siririyar taya tana ratsa laka ta taɓa ƙasa mai ƙarfi, kuma gefenta ba ya bultsowa waje inda kututture da dutse ke jira.

Canjin da kawai nake goyon baya shi ne wanda ke ƙara tsayin gefe ba tare da ya canza tsayin taya ba. 265/70R16 tsayinta milimita 777 ne, kusan ɗaya da 265/65R17, amma gefenta ya fi tsawo, ya fi shanye duka. Sai dai ba kowace Hilux ce wilin inci 16 ke shiga ba, a wasu yana taɓa birkin gaba, don haka a gwada kafin ka biya. In kuma motarka da wili 18 na alminiyam ta zo, ina ba ka shawara ka neme mata na ƙarfe 17. Na ƙarfe in ya lotse, guduma za ta miƙe shi a kowane ƙauye. Na alminiyam tsagewa yake yi. Ga kuma samuwa: 16 da 17 za ka same su a Mora, a Yagwa, a Kuseri. Baƙon girma sai ka aika Garwa ko Duwala, mota na ajiye, albasa na ruɓewa.

Game da suna, BFGoodrich All-Terrain ita ce aka fi sani, tun 1976 ake yin ta, samfurinta na KO2 ya fito a 2014, kuma kamfanin na Michelin ne. Ta yi suna wajen ƙarfin gefe, tana da tsada, a laka mai danƙo kuma ita ma cikewa take kamar sauran. Akwai Bridgestone Dueler, Yokohama Geolandar, Dunlop Grandtrek, General Grabber, Cooper Discoverer, da Maxxis mai ɗan sauƙin kuɗi. Abin lura, suna ɗaya yakan zo da gini biyu, na fasinja da na LT, zane iri ɗaya, farashi daban. Mai shago zai iya nuna maka sunan ya ba ka mai laushin ba tare da ya yi maka ƙarya ba, don haka lambar nauyi za ka karanta. Tayoyin Sin irin su Triangle da Linglong da Sailun kamfanoni ne na gaske, sabuwarsu mai 8PR ko 10PR ta fi mini tsohuwar babban suna da ban san tarihinta ba. Wadda nake gudu ita ce mai sunan da ba wanda ya taɓa ji, wadda in ka ɗaga ta ka ji ba nauyi, in ka danna gefenta da babban yatsa ya shige.

Okaziyon kuwa, a motar da ke ɗaukar kaya da mutane zuwa Kuseri, ban yarda da ita ba, kuma ina faɗa da dukkan zuciyata. Araha ba ta ado. Zanen da kake gani a sama ba ya gaya maka abin da zaren ciki ya sha. Da yawa daga waɗanda ake kawowa daga Turai tayoyin hunturu ne, robarsu mai laushi ce da aka haɗa don ƙanƙara, za ka gane su da ƙananan tsage-tsage birjik a kowane haƙori. A zafin Waza narkewa suke kamar ana kankare su. Wajen lodinsu a kwantena kuma ana cusa biyu ko uku a cikin juna don a rage wuri, wannan yana lanƙwasa wayar bakin taya, ta ƙi zama daidai a wili. Akwai kuma waɗanda ake sake yanka wa zane da wuƙa mai zafi a shafe da baƙin mai su yi ƙyalli. Sake yanka zane na tayoyin manyan motoci ne da aka rubuta wa REGROOVABLE, a tayar Hilux kuwa kusa da waya ake kaiwa. In dole ta sa, ka sa a juya maka cikinta a rana, ka shafa da hannu ko akwai faci ko kumburi ko garin roba, ka lanƙwasa gefe ka ga ko ƙananan tsaga za su buɗe, kuma ka ajiye ta a matsayin safaya ta biyu kawai.

Sabuwa ko tsohuwa, ka nemi ranar haihuwarta. A gefe ɗaya akwai layin da ya fara da DOT, ƙarshensa lamba huɗu a cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2323 na nufin mako na 23 a 2023. In lamba uku ka gani, kafin 2000 aka yi ta. In an goge wurin ko an kankare, ka ajiye ka yi gaba. Roba tana tsufa ko ba a taka ta ba, kuma rana da zafi suna gaggauta mata. Michelin na cewa daga shekara 5 a riƙa duba taya kowace shekara, a shekara 10 a cire ta ko da zanenta. A yanayinmu ni ba na barin ta kai haka. Sabuwar da za ka biya kuɗinta kada ta wuce shekara biyu da yi, kuma ka ce a ɗauko maka daga cikin sito. Waɗanda aka jera a ƙofar shago don talla sun sha ranar da ba ka san iyakarta ba. Ka duba duka biyar ɗin, don akan cakuɗa.

Me ya sa biyar? Giyar ƙafa huɗu ta Hilux tana ɗaure gaba da baya su juya tare. In tsayin tayoyin ya bambanta, ƙarfen da ke tsakani ne ke shan wahala. Shi ya sa ma ba a sa wannan giyar a busasshiyar kwalta. Safayar da ta bambanta da sauran, ranar da ka fi buƙatarta a laka ko yashi, ranar za ta ba ka matsala. In kuɗi bai kai biyar ba, ka sayi biyu masu girman na yanzu ka sa su a baya, inda nauyi yake, inda kuma in ƙafa ta zame ba a iya tare mota da sitiyari, sauran su biyo baya da wuri. Kada ka haɗa A/T da M/T ko LT da ta fasinja a aksul ɗaya, hagu da dama.

Ka bar su tubles yadda aka yi su. Ƙayar aduwa da ta farar ƙaya ba ta da iyaka a dajin nan. In ta shiga tubles, iska a hankali take fita, sau da yawa za ka kai gari. In tif ne a ciki, nan take take sacewa, kuma tif a cikin tayar da ba a yi don shi ba gugar juna suke su yi zafi. Hujin da ke saman taya wanda bai wuce milimita 6 ba yana gyaruwa. Igiyar facin da ake turawa daga waje ta kai ka gida ce, in ka isa a cire tayar a yi faci ta ciki. Yankan gefe ba ya gyaruwa, ko wa ya ce maka zai ɗinke.

Wajen ɗaurawa a sa sababbin bawul da murfinsu, ƙurar hunturu tana shiga ta hana bawul rufewa. A yi balansin, a duba saitin ƙafafun gaba, don in sun karkace sabuwar taya za ta cinye ta gefe ɗaya cikin 'yan watanni. Ka riƙa juya su gaba da baya duk kilomita 10,000, safaya ma ta shiga layi, kuma ka riƙa sauko da ita daga ƙarƙashin bodi kana auna iskarta, don sarƙar da ke riƙe ta tana yin tsatsa ta ƙi saukowa. Tsakanin haƙora akwai 'yan tudu da ke nuna milimita 1.6, iyakar ƙarshe ke nan, amma ga laka A/T ta daina aiki tun zane na wajen 4, don haka in damina ta gabato ka duba da wannan ma'aunin. Kada ka bar yaro ya zura bututu a sifana ya hau yana tsalle a kan noti, haka ake miƙe kusoshin wili su tsinke daga baya. A ɗaure su daidai, ɗaya da kishiyarsa, sannan bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a sake bi. In hanyar arewa ka kama ranar farko, ka tsaya a Mora ka bi duka noti shida na kowace ƙafa da sifana kafin ka nufi Waza.